Abin da Za a Bari a Banaras

Litinin, 5 ga Fabrairu, 6:40 na safe, gida, Kumbakonam

An gama ɗaure kaya. Karuppan yana tsaye a ƙofar gida, na goge shi har yana ɗaukar ido, babur mai shekara ashirin da takwas amma ba ka ce ba. Matata Alamelu ta ajiye lemon tsami a gaban kowace taya, da mun tashi mu murƙushe su don neman sa'ar hanya. Kilomita dubu biyu da 'yan kai zuwa Banaras. Tun ranar da na yi ritaya daga hukumar jiragen ƙasa nake gaya mata ba a jirgi zan kai ta ba, na gaji da jirgi, a bayana zan kai ta.

Gahawa kilo ɗaya da rabi, daga gonar wani manomi, Velusami, a kan dutsen Yerkadu. Ba ta kasuwa ba ce, 'yar ƙwayar nan ce mai zagaye da ke fitowa ita kaɗai a cikin ɓawo, wadda sai an tsince ta da hannu. Ni na soya ta da kaina ranar Asabar. Ga matacin tagulla mai hawa biyu, ga 'yar injin niƙa, ga risho, ga kofuna biyu da tasoshinsu. Alamelu ta ce kayan gahawa sun fi kayan sawarta yawa. Na ce haka ne, kuma sun fi su amfani.

Takardar likita tana cikin akwatin sifanu, ƙarƙashin tsumma. Ya faɗi abin da ya faɗa game da rawar da hannun dama yake yi da hawan babur. Bai taɓa hawa ko keke ba, daga ganin takalminsa. Alamelu ba ta sani ba. Idan mun dawo zan gaya mata.

Na ce mu tashi kafin bakwai da rabi, kada sa'ar Rahu ta shigo ta tsare mu, tunda muguwar sa'a ce, ba a fara tafiya a cikinta. Ta ce ba ta gama da tukwane ba. Ke nan sai tara.

Laraba, 7 ga Fabrairu, 7:50 na safe, Cittur

Masaukin nan yana da baranda mai kallon gonar mangwaro, itatuwan duk sun yi fure. Na tashi biyar da rabi, na haɗiye ƙwayar maganin hannu a banɗaki, na kunna famfo don kada a ji ƙarar ledarta. Sannan na niƙa cokali huɗu. Da hagu nake juya injin yanzu, na ce wa Alamelu wai ina motsa kafaɗa ne.

A zuba gari a hawa na sama, a danna shi kaɗan, a zuba ruwan da ya tafasa ya ɗan huce, a rufe. Sai jira. Minti ashirin tana ɗiga zuwa hawa na ƙasa, kuma duk wanda ya girgiza mataci don ya gaggauta ta bai cancanci sha ba. A cikin jiran na zaga bayan masauki wajen wata mata mai shanu biyu, ta tatso mini madara a gabana, na kawo ta da ɗuminta.

Abin da ya rage shi ne juye. Daga kofi zuwa tasa, daga tasa zuwa kofi, har ta huce daidai baki, kumfa ta taso. A unguwarmu an san ni da wannan. Nakan ɗaga kofi sama da kaina, tasa tana wajen cibiya, gahawa ta sauko kamar igiya, ɗigo ɗaya bai taɓa faɗuwa ƙasa ba. Alamelu kumfar take fara sha, da cokali ma, tun tana amarya. Yau taƙi ɗaya na ɗaga, kuma na juya mata baya kamar ina kare risho daga iska.

Ta sha, ta ce, "Ta yi daɗi, Attan."

Attan take ce mini tun muna yara. Ni ɗan gwaggonta ne, taubashiyata ce kafin ta zama matata, kuma har yau ba ta bar tsokanata ba. Shi ya sa da ta ce ta yi daɗi kawai, ba ƙari, na ji wani iri.

Alhamis, 8 ga Fabrairu, 8:15 na safe, Kadapa

Na ɗaure kaya tun bakwai. Ita kuwa ta baza gashi a hantsi tana tajewa.

Na ce, "Tashi mu kama hanya kafin rana ta yi zafi."

"Sa'ar Rahu ce. Sai tara."

"Yau Alhamis. Ta Alhamis ɗaya da rabi na rana take shigowa, ko ɗan firamare ya sani."

"A Kumbakonam ke nan. Nan jihar Andhra ce, tasu daban."

"Wa ya gaya miki?"

"Matar mai masauki."

"Da wane yare, ke da ba kya jin Telugu?"

"Da hannu. Zauna, Attan, ka cika mita. Banaras ba gudu za ta yi ba, ta riga kakanka zama a inda take."

Na zauna. Wasu 'yan tsuntsaye suna wanka a ƙasa kusa da babur, muka yi ta kallonsu kamar marasa aikin yi, kuma marasa aikin yi ne mu. Gaskiya wajen tara hannun yakan kwanta, lokacin ƙwayar ta kama. Ragwancinta ya zo mini daidai, amma ba zan faɗa mata ba, kada kanta ya kumbura.

Asabar, 10 ga Fabrairu, 4:30 na yamma, Kurnul

'Yarmu Yalini ta kira daga Pune. Ita na koya wa babur a kan Karuppan tana shekara goma sha bakwai, yanzu ita ce ke yi mini faɗa a kan hular kwano.

Ta ce, "Appa, me za ka bari a Banaras?"

Kowa ya san wanda ya je Banaras ba ya dawowa da duk abin da ya tafi da shi. A bakin kogi zai ambaci abu ɗaya da yake so, ya bar shi a can, ba zai sake kai shi baki ba har ya mutu. Mahaifina mangwaro ya bari, ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, kowace bazara yana juya wa bishiyar gidanmu baya.

Na ce, "Garahuni."

Alamelu ta ƙwace wayar. "Kin ji ubanki? Shekara talatin da shida ina dafa garahuni, ban taɓa ganin ya kai shi baki ba. Zai je ya bai wa Ubangiji abin da yake ture wa kare."

Yalini tana dariya ta ce in bar gahawa mana. Na ce gara in bar numfashi. Da na tambayi Alamelu ita me za ta bari, ta ce ba ta yanke ba tukuna, tana dubawa.

Lahadi, 11 ga Fabrairu, 3:00 na rana

Kilomita ɗari da arba'in. Hannu lafiya har ƙarfe biyu.

Talata, 13 ga Fabrairu, 8:30 na safe, bayan garin Haidarabad

Sabon hali. Kwana uku ke nan tana shanye nata, sannan ta miƙo hannu ta ɗauki nawa ta shanye rabi. Matar da duk rayuwarta kofi ɗaya ke isarta.

"Me ya same ki?"

"Iskar hanya ce take buɗe mini ciki."

"To in ƙara cokali biyu gobe."

"Kada ka ƙara. Ta ƙare kafin Banaras mu koma shan shayin mutanen arewa? Naka dai ya fi nawa daɗi, ban san me kake ɓoyewa a ciki ba."

Likita ma ya ce in rage gahawa, wai tana ƙara abin. Ban rage ba. Yanzu ga shi an rage mini ba da shawarata ba.

Jiya mai otal ya kawo mana wani ruwan ƙasa-ƙasa na garin gwangwani, ya ce gahawa ce. Na zuba wa shukar bakin ƙofa, ina fata ba ta mutu ba.

Alhamis, 15 ga Fabrairu, 2:20 na rana, bayan Adilabad

Ɓauna ta tsallaka titi. Ba abin da ya faru.

Alhamis, 15 ga Fabrairu, 5:10 na yamma

Na gan ta tun daga nesa. Baƙa, mai ƙaho a kwance, tana tafiyarta ta isa. Akwai lokaci, akwai fili. Na ce wa yatsu su kama birki, yatsu suka tsaya suna shawara. Da ƙafa na tsayar da shi, tayar baya ta ja ƙasa, muka tsaya ina jin numfashin dabbar a gwiwata. Ta dube ni, ta wuce.

Alamelu ba ta yi ihu ba. Ta dai damƙe rigata ta baya har maɓalli ɗaya ya tsinke. Muka sauka muka zauna a inuwar wata tsamiya. Na cusa hannun a aljihu.

Can ta duba agogona ta ce, "Biyu da kwata, ranar Alhamis. Ka gani? Sa'ar Rahu."

Na ce, "Ashe a nan irin tamu ce."

"A nan irin tamu ce."

Na gode mata a zuciyata da ta samo wanda za a ɗora wa. Amma na san wanda ya yi. Da ni kaɗai ne da sauƙi, ita ce a baya, kuma ba ta san da wane hannu ake ɗauke da ita ba. Na ji tsoro, har yanzu ina ji.

Juma'a, 16 ga Fabrairu, 11:00 na safe

Ba mu tafi ko'ina ba. Ta ɗinka maɓallin.

Asabar, 17 ga Fabrairu, 8:45 na safe, Nagpur

Sanyi ya fara. Mun hau rufin masauki da risho, ta yafa mayafina. A nan madarar ɓauna ce, mai kauri, tana danne ƙamshi, sai na rage ta na ƙara ruwan gahawa. Abin mamaki ta fito da wani ɗanɗano kamar na rake da aka ɗan ƙona. Zan gaya wa Velusami.

Ta ɓare lemo shida, ta jera ɓawon a kan katanga. A ƙasa wani mai guga yana hura gawayi, wata mata tana share ƙofar gida. Muka yi sa'a guda muna kallonsu. A gida ba mu taɓa samun safiya irin wannan ba, kullum ina gudun jirgin bakwai da minti goma, ita tana gudun tukunya. Da za a bar ni a kan rufin nan da ba zan nemi komai ba.

Na canja tsari. Ba gudu sama da hamsin, ba tafiya bayan ƙarfe ɗaya. Na ce mata don taya ne, ta fara cinyewa. Ta ce ita ma ta lura da tayar.

Litinin, 19 ga Fabrairu, 10:05 na safe, bakin hanya kusa da Seoni

Mun kwana a ɗakin bayan wata rumfar abinci ta direbobin manyan motoci. Mai rumfar, Balkar Singh, ƙato ne mai rawani shuɗi da murya kamar salansar da ta fashe. Ƙamshi ne ya jawo shi inda nake.

"Kawu, kai mutumin kudu ne? To yau sai ka yi mana juyen nan naku. Na taɓa gani a Madurai, mutum ya ja gahawa ta fi tsawon rawanina." Ya ƙwala wa direbobi kira, "Ku zo ku ga ikon Ubangiji!"

Mutum biyar suka taso da kofunan shayinsu. Da na ce a'a da shi ke nan. Amma shekara arba'in ana kirana don wannan, bakina bai iya a'a ba. Na miƙe, na ɗaga kofi sama da kai.

Rabi a tasa, rabi a wandona da takalmin Balkar.

Kafin kowa ya yi magana Alamelu ta ce, "Yi haƙuri, Attan, ni na ture ka. Kullum sai na yi maka haka."

Direbobi suka yi dariya, ɗaya ya ce nasa gidan ma haka ne. Balkar ya shanye abin da ya rage a tasa, ya ce, "Kawu, wannan ba gahawa ba ce, wannan gaisuwa ce daga gida." Ya ƙi barin mu tafi sai da muka ci burodin dankali da man shanu.

A kan gadon igiya Alamelu take zaune lokacin. Tsakaninmu ya kai taku uku.

Talata, 20 ga Fabrairu, 1:15 na rana

Taku uku. Na auna a raina duk tsawon hanya.

Laraba, 21 ga Fabrairu, 9:20 na safe, Jabalpur, bakin kogin Narmada

Na fito da takardar daga akwatin sifanu, na sa a aljihun gaba. Na dafa gahawa a kan matakalar kogi. Ruwan kore ne, a kwance, wasu tsofaffi suna wanka suna rawar sanyi. Na jira ta gama da kumfa, abin da ya samu na kumfar.

"Alamelu, akwai maganar da nake so mu yi."

"Gari nawa ya rage?"

"Na kwana takwas. Ba wannan ba ce maganar."

"To ta isa. Attan, duk maganar da ta jira daga Kumbakonam zuwa nan za ta iya jira zuwa Banaras. Kai ka ce a bayanka za ka kai ni. Na gaya wa duk matan layinmu, ba zan sauka a rabin hanya su yi mini dariya ba. Ka dai tafi a hankali, saboda tayar nan."

Ta ɗauki kofina ta sha rabi. Na mayar da takardar ƙarƙashin tsumma.

Juma'a, 23 ga Fabrairu, 12:40 na rana, ƙasan gangaren bayan Rewa

Mun sauko. Kwana bayan kwana, manyan motoci suna huci a bayanmu. Na sa giya ta biyu, ƙafa a kan birki, na bar kowa ya wuce, har wani mai keke da tulunan madara. Sau huɗu na tsaya, kowane tsayi ita ce ta nema, wai tana son ganin birai. Biri ɗaya muka gani, shi ma barci yake.

Ba ta riƙe ƙarfen baya ba yau. Ta zagayo da hannunta ta ɗora a kan damtsena na dama, ta bar shi a nan har ƙasa.

Asabar, 24 ga Fabrairu, 11:50 na safe

Banaras. Na kashe inji a tsakar masauki, na kasa sakin kan babur na ɗan lokaci.

Litinin, 26 ga Fabrairu, 10:30 na safe

Mun yi wanka a kogin Ganga da fitowar rana, hannunta cikin nawa, gefen zaninta a ɗaure da mayafina. Ruwan ya yi sanyin da ya sa kowa yake karkarwa, yau dai ban fita daban ba.

Malamin da ya ja mana addu'a ɗan ƙasarmu ne, kakansa ya zo daga Tanjavur. Tsoho ne mai gajen haƙuri, ga wasu mutum shida suna jiransa a layi. Da aka gama ya zuba mana ruwa a tafin hannu ya ce, "To, me za a bari? Kuma kada a ce mini garahuni, kogin nan ya ƙoshi da garahuni."

Na buɗe baki ban san me zai fito ba. Alamelu ta riga ni.

"Kumfa."

"Kumfar me, Uwa?"

"Kumfar gahawa."

"Ana barin 'ya'yan itace ne, ko kayan miya. Kumfa ai iska ce."

"An ce abin da mutum ya fi so. Shekara talatin da shida da ita nake buɗe baki kowace safiya, ban san abin da na fi so kamarta ba. Daga yau a zuba mini gahawa a hankali, kofi a jikin tasa, kada a ɗaga ko yatsa ɗaya."

Ba ta dube ni ba. Ta saki ruwan ya zube a kogi.

Na tsaya da nawa ruwan a tafin hannu, yana zuba ta tsakanin yatsu tun kafin in sake shi, kuma ban ɓoye ba. Malamin ya duba hannun, ya duba fuskata, bai ƙara gaggauta ni ba.

Na ce, "Babur."

"Shi ma ba a cin sa," in ji shi, amma a hankali ya faɗa. Ya karanta abin da ake karantawa.

A kan matakala, muna hawa, na tambaye ta tun yaushe.

"Tun kafin bikin girbi. Kumfa ta fara raguwa, na ce ko madara ce, na canja mai madara. Ba ta dawo ba. Sai na ji famfo yana zuba kullum biyar da rabi, kai da kake yi mini faɗa a kan ɗigo ɗaya."

"Kin sani, kika hau bayana kilomita dubu biyu?"

"Da na hana ka, da ka zauna a gida kana kallonsa ta taga har ka mutu, kana cewa ni na raba ku. Na ce gara ka kawo shi da kanka inda ake barin abu." Ta tsaya ta huta. "Amma ranar ɓaunar nan na ji tsoro, Attan. Na kusa cewa a sauka."

Na zauna a matakala na yi kuka, mutane suna raɓa ni suna wucewa. A nan ba wanda yake tambayar dalili.

Laraba, 28 ga Fabrairu, 7:30 na safe, rufin masauki

Na karanta mata takardar jiya da yamma, duka, har inda likita ya ja layi. Ta ce idan mun koma tare za mu je wurinsa, tana da tambayoyi, kuma in daina zagin takalminsa.

Yalini za ta zo ranar Asabar ta ɗauki Karuppan. Ta tambaya a waya ko har yanzu giya ta uku tana gardama. Na ce tana yi, a lallaɓa ta. Mu kuma jirgin ƙasa, ranar Litinin. Makullin yana ɗaure a gefen zanin Alamelu.

Na haɗiye ƙwayar a gabanta, da ruwan da ta miƙo mini. Na niƙa cokali huɗu, garin kwana ɗaya ya rage bayan wannan. Hazo ya rufe kogi, ana jin ƙararrawa da faɗan masu kwalekwale. Muka jira minti ashirin ɗinmu.

Na zuba kofi a jikin tasa, a hankali. Ta fito baƙa-baƙa, shimfiɗe, ko ƙwayar kumfa babu. Ta karɓa, ta laluba cokalinta kamar kullum, ta tuna, ta ajiye shi.

Ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Ta yi zafi, kuma sukari bai ji ba. Shekara arba'in kana abu ɗaya, har yau ba ka iya ba."

Ta shanye tas, ta miƙo hannu ta ɗauki nawa.